Wayoyin fitilun tirela

Wayoyin fitilun tirela su ne jerin wayoyi, soket da fitilu da ke haɗa wutar motar da ke ja da tirelar da ake ja, domin fitilun bayan tirela su riƙa aiki lokaci guda da na motar. Tirela ba ta da injin kanta, kuma galibi ba ta da batir na kunna fitilu, saboda haka duk wutar da danjarta, fitilun birki da sigina ke ci daga motar da ke gaba take zuwa. Da yake jikin tirela yana rufe fitilun bayan motar, direban da ke biye ba ya ganin komai sai abin da tirelar ta nuna masa. Idan fitilun suka mutu, babu abin da zai sanar da shi cewa an taka birki ko za a karya kwana, kuma da dare yana iya afka wa tirelar kafin ya gane akwai abu a gabansa.

Matsalar fitilun tirela tana daga cikin waɗanda masu gyaran wayar mota suka fi cin karo da su. Mafi yawanta tana tasowa ne daga wurare kaɗan: wayar komawa da ta rasa kyakkyawan haɗi, tsatsa a cikin soket, fis da ya ƙone, ƙwan fitila da ya mutu, ko waya da ta goge a jikin ƙarfe.

Fitilun da ake buƙata

Yarjejeniyar Biyana kan zirga-zirgar hanya ta shekarar 1968 ta tanadi cewa tirela ta kasance da jajayen fitilu a baya, da fitilar da ke haska lamba, da kuma jajayen madubai masu mayar da haske guda biyu masu kusurwa uku. Wannan siffa ta kusurwa uku an keɓe ta ne ga tirela, domin direban baya ya gane abin da ke gabansa ja ake yi. A Turai, ƙa'ida mai lamba 48 ta hukumar tattalin arzikin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da nahiyar ita ce ta fayyace yadda ake ɗora fitilu. A Amurka kuma ƙa'idar FMVSS 108 ce, wadda ta ƙara da cewa tirelar da faɗinta ya kai inci 80 sai an sa mata fitilun nuna faɗi da wasu ƙananan fitilu uku a jere a tsakiyar baya. A Birtaniya, tun shekarar 2012 ana gwada soket mai ƙafa 13 a binciken shekara-shekara na MOT. A Najeriya, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana cikin masu duba fitilun manyan motoci a kan hanya.

Fitilun da aka saba samu a tirela su ne danjar dare, fitilar birki, siginar hagu da ta dama, fitilar lamba, fitilun gefe, fitilar hazo ta baya da fitilar ribas.

Yadda wutar ke zagayawa

Kowace fitila tana buƙatar hanya biyu: wadda wuta za ta zo, da wadda za ta koma ɓangaren negetif na batir. Hanyar zuwa kowane aiki da wayarsa. Hanyar komawa kuwa ɗaya ce ga dukkan fitilu, kuma a kusan duk tsare-tsaren duniya farar waya ce. A wasu tireloli farar wayar tana zuwa har kowace fitila. A wasu kuma ana ɗaure ta ne da noti a ƙarfen tirela kusa da gaba, sai ƙarfen ya zama shi ne hanyar komawa. Tsari na biyu ya fi araha, amma ya fi saurin lalacewa, domin duk inda fenti ko tsatsa ya shiga tsakanin fitila da ƙarfe hanyar ta yanke.

Ƙananan motoci suna aiki da bolt 12. Batir mai lafiya yana nuna kimanin bolt 12.6 idan injin na kashe, da tsakanin 13.5 zuwa 14.5 idan yana aiki. Manyan motocin Turai da na Sin suna aiki da bolt 24, yayin da manyan motocin Amurka suka tsaya a kan 12.

Ƙwan sigina da na birki yawanci wat 21 ne, na danja kuma wat 5. A tsarin bolt 12, ƙwai mai wat 21 yana jan amfiya 1.75, wato fitilun birki biyu suna jan amfiya 3.5. Akwai ƙwai mai zare biyu, kamar P21/5W a Turai ko 1157 a Amurka, wanda ke yin aikin danja da na birki a cikin gilashi ɗaya. Zaren biyu suna tarayya a hanyar komawa guda, kuma wannan shi ne tushen yawancin alamomin da ke rikita masu gyara.

Ire-iren soket

Soket mai ƙafa 7 na Turai, wanda ake kira 12N, yana bin ƙa'idar ISO 1724. Tsarinsa shi ne:

1. Rawaya: siginar hagu
2. Shuɗiya: fitilar hazo ta baya
3. Fara: wayar komawa
4. Koriya: siginar dama
5. Ruwan ƙasa: danjar dama
6. Ja: fitilun birki
7. Baƙa: danjar hagu

Wannan soket ba shi da gurbin fitilar ribas. Shi ya sa a Birtaniya aka daɗe ana ƙara masa na biyu, 12S, mai bin ISO 3732, musamman ga tirelolin kwana da ake zuwa yawon shaƙatawa da su.

Soket mai ƙafa 13, na ƙa'idar ISO 11446, ya haɗe aikin waɗancan biyun. Ƙafafunsa bakwai na farko daidai suke da na 12N. Ta 8 ta ribas ce, ta 9 tana ba da wuta a kowane lokaci, ta 10 tana ba da wuta idan an kunna mota, ta 11 da ta 13 kuma hanyoyin komawa ne na ta 10 da ta 9. Ana murɗa shi ne ya kulle, kuma ya fi tsohon hana ruwa shiga.

A Amurka da Kanada, ƙananan tireloli sun fi amfani da soket shimfiɗaɗɗe mai ƙafa 4: fara ta komawa, ruwan ƙasa ta danja, rawaya ta siginar hagu da birki, koriya ta siginar dama da birki. A nan sigina da birki waya ɗaya suke bi kuma zare ɗaya suke kunnawa. Idan motar da ke ja tana da sigina daban da birki daban, kamar yadda motocin Turai da yawancin na Japan suke, sai an sa ƙaramar na'urar da ke haɗe saƙonnin biyu kafin su isa soket. Tireloli masu birkin lantarki suna amfani da soket mai ƙafa 7 masu faɗi, inda shuɗiyar waya ke kai wuta ga birki.

Manyan motoci masu bolt 24 suna amfani da 24N na ISO 1185 tare da 24S na ISO 3731, ko kuma soket ɗaya mai ƙafa 15 na ISO 12098. Na'urar ABS ko EBS ta birki tana da nata soket daban, ISO 7638. Manyan motocin Amurka suna amfani da SAE J560.

J560 da 24N sun yi kama har ɗaya yana shiga cikin ɗaya, alhali wutarsu ba ɗaya ba ce. Wannan yana da muhimmanci a ƙasashe irin su Najeriya, inda ake samun kan mota ƙirar Mack daga Amurka yana aiki a gareji ɗaya da DAF, MAN ko Howo. Idan aka haɗa bodi mai ƙwayayen bolt 12 da kai mai bolt 24, ƙwayayen za su ƙone nan take. Idan akasin haka ne, fitilun za su kawo amma da ɗan haske ja-ja wanda ba ya isa a gani daga nesa. Bayan haka, aikin baƙar waya da na shuɗiya ya bambanta a tsarin biyu.

Kayan gwaji

Fitilar gwaji, wadda masu gyara ke kira testa, ƙwai ne mai waya da tsinke. Tana nuna ko akwai wuta, kuma da yake tana jan wuta, tana tona haɗin da ya yi rauni.

Mita tana auna bolt da ƙarfin turjiyar waya. Rauninta shi ne kusan ba ta jan wuta, don haka tana iya nuna bolt 12 cif a wayar da silinta ɗaya kawai ya rage, wadda ba za ta iya kunna ƙwai ba. Saboda haka awon da ya fi inganci shi ne wanda aka yi fitila na kunne.

Sauran kayan su ne doguwar waya mai maƙali a kowane baki, batir na daban da fis a jikinsa, samfefa ko ƙaramin burushin ƙarfe, da fis na canji masu lamba daidai da na motar.

Matakan gano matsala

Ƙa'idar farko ita ce a raba aikin gida biyu, a gano ko laifin na mota ne ko na tirela, kafin a kwance komai.

Mataki na farko: a duba fitilun motar kanta. Idan siginar motar ko birkinta ba sa kawowa, matsalar ba ta tirela ba ce.

Mataki na biyu: a zare soket a duba cikinsa. Ana neman tsatsa mai launin kore ko fari, laka, ruwa, ƙafar da ta lanƙwashe ko ta nutse ciki, da alamar narkewar roba. Ƙafafun 12N a tsage suke, kuma idan sun matse ana ɗan buɗa su da bakin wuƙa a hankali domin su kama.

Mataki na uku: a gwada soket ɗin mota shi kaɗai. Ana maƙala testa a ƙafar komawa, wani ya riƙa kunna danja, sigina da taka birki, ana taɓa kowace ƙafa. Idan babu ƙafar da ta kawo, sai a mayar da maƙalin jikin ƙarfen mota mai tsabta. In suka kawo a haka, wayar komawa ta soket ce ta yanke. In ƙafa ɗaya ce kawai ta ƙi, sai a duba fis da rile na wannan aikin. Motoci da yawa da aka ƙera domin ja suna da fis na tirela daban da na fitilunsu, shi ya sa fitilun mota za su iya aiki lafiya alhali soket a mace yake.

Mataki na huɗu: a gwada tirela ita kaɗai da batir na daban. Ana haɗa negetif da ƙafar komawa, a riƙa taɓa sauran ƙafafun da fozitif ɗaya bayan ɗaya. Kowace taɓawa ta kunna fitilar da ta dace kawai. Dole a yi wannan gwajin tirela a kwance daga mota, domin ƙarfen maƙalin ja yana iya zama hanyar komawa ta wucin gadi ya ɓoye farar wayar da ta tsinke.

Mataki na biyar: a bi da'irar da ta ƙi, daga fitila zuwa gaba. Ana duba ƙwai, mazauninsa, sannan kowane wurin haɗi, har a kai inda wuta take a gefe ɗaya babu a ɗayan.

Matsalar wayar komawa

Ita ce ta fi yawa, kuma ita ce ta fi ruɗarwa, domin ba ta kashe fitilu kai tsaye. Wuta idan ta rasa hanyarta ta komawa takan nemi wata ta cikin sauran ƙwayaye. Misali, a ƙwai mai zare biyu da gindinsa ya rabu da ƙarfe, idan aka taka birki wutar za ta ratsa zaren wat 21, ta juya ta cikin zaren wat 5, ta bi wayar danja zuwa fitilun ɗaya gefen, ta koma ta can. Sakamakon haka sai a ga fitilun gefe da na lamba suna ɗan haske duk lokacin da aka taka birki. Idan kuma aka kunna danja, ɓangarorin biyu sun zama da wuta daidai, sai fitilar birkin ta mutu gaba ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa wata tirelar ke aiki da rana ta ƙi da dare.

Sauran alamomin sun haɗa da dukkan fitilu su riƙa ƙiftawa idan an sa sigina, siginar hagu ta kunna ta dama, ko fitilu su riƙa ɗaukewa suna dawowa a kan gargada.

Hanya mafi sauri ta tabbatarwa ita ce a ja doguwar waya daga negetif na batir zuwa gindin fitilar da ake zargi. Idan ta gyaru nan take, an gano laifin. Da mita kuma, ana auna tsakanin gindin fitila da negetif na batir fitila na kunne. Awon ya kamata ya kusa sifili, kuma masu gyara kan ɗauki abin da ya haura rabin bolt a matsayin alamar haɗi mara kyau. Turjiya kaɗan tana da tasiri babba: om 1 kacal a hanyar komawa yana iya cinye kusan bolt 3 daga fitilun birki biyu, su rage da kimanin bolt 9.

Gyaran shi ne a kwance notin, a goge wurin har ƙarfe ya fito fes, a sa sabon kan waya, a ɗaure tam, sannan a shafa giris ko fenti a kai. A tirelar da gadonta ke ɗagawa ko wuyanta ke naɗewa, sai an tsallaka mahaɗar da waya, domin ƙarfen da ke motsi ba ya riƙe wuta.

Fis mai yawan ƙonewa

Fis yana ƙonewa ne idan waya mai wuta ta taɓa ƙarfe. Idan yana ƙonewa tirela a zare, laifin yana mota ko cikin soket ɗinta. Idan sai an haɗa, yana tirela. Wuraren da waya ta fi gogewa su ne inda ta ratsa rami a ƙarfe babu zoben roba, kusa da gatari, da wuyan tirela inda take ja da ƙasa ko take matsewa wajen kwana. A manyan motoci, naɗaɗɗiyar wayar da ke tsakanin kai da bodi tana yawan gogar bayan kai.

Domin kada a ƙarar da fis wajen nema, ana sa ƙwai mai wat 21 a gurbin fis ɗin. Muddin wayar na taɓa ƙarfe, ƙwan zai haska sosai. Ana girgiza wayoyi ko cire rassa ɗaya bayan ɗaya, kuma inda hasken ya dushe nan matsalar take. Sa fis mai lamba sama da wadda aka tanada, ko naɗa silin waya a madadinsa, yana mayar da wayar motar ita ce za ta yi zafi ta narke. A tankar man fetur wannan na iya jawo gobara.

Sigina da fitilun LED

An tsara sigina ta ƙifta sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya. A motoci da yawa, idan ƙwai ɗaya ya mutu sai ƙiftawar ta ƙara sauri domin direba ya sani. Fitilun LED suna jan wuta kaɗan ƙwarai, don haka mota na iya ɗauka ƙwai ya mutu alhali lafiyarsa lau. Ana magance wannan da rilen sigina da aka yi domin LED, ko na'urar da ke ƙara nauyin wuta. LED kuma ba ya kawowa idan aka juya wayoyinsa, saɓanin ƙwai mai zare.

Motocin zamani

A sababbin motoci, kwamfuta ce ke kunna fitilu kuma tana auna wutar da kowanne ke ja, tana musayar saƙo da sauran sassa ta layin CAN. Yanka wayar danja a jona tirela kai tsaye, kamar yadda ake yi a tsofaffin motoci, yana iya sa kwamfutar ta yanke wutar wannan layin, ta kunna gargaɗi a gaban direba, ko ta lalace. Irin waɗannan motoci suna buƙatar akwatin tirela na musamman, ko rilen da ke ɗaukar wuta daga batir ya karɓi umarni kawai daga wayar fitila. Wasu akwatunan ba sa sakin wuta sai sun ji an haɗa tirela, saboda haka soket na iya zama kamar matacce idan aka gwada shi da mita kawai.

Kurakuran haɗa waya

Wanda ke kallon soket daga baya yana ganin ƙafafun a juye, hagu ta koma dama, kuma wannan yakan sa a musanya sigina. Lambobin da aka zana a jikin robar soket su ne abin bi. Launi ma ba hujja ba ce a tirelar da ta sha gyara, ko wadda aka shigo da ita daga ƙasa mai wani tsarin, don haka ana tabbatar da aikin kowace waya da gwaji. Murɗa wayoyi biyu a naɗe da salatif yana barin ruwa ya shiga, tsatsa ta bi cikin wayar ta baƙanta jan ƙarfen. Haɗi mai ƙarko shi ne wanda aka matse da kan waya ko aka yi wa dalma, aka rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Ƙwai mai zare biyu da aka tura a juye yana sa danja ta fi birki haske.

Kulawa

Ruwa, ƙura da girgiza su ne ke cin wayoyin tirela. A yankunan da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, da tirelolin kwale-kwale da ake shiga ruwa da su, tsatsa ta fi sauri. Ana zare soket kafin a shiga ruwa, domin ƙwai mai zafi yana fashewa idan ruwan sanyi ya taɓa shi. A Afirka ta Yamma, ƙurar hunturu da lakar damina suna cika soket ɗin da murfinsa ya karye, ramukan hanya kuma suna tsinka zaren ƙwai da kwance notuna.

Ana rage matsala ta hanyar shafa giris mai hana tsatsa a ƙafafun soket, rataye filogi bakinsa na kallon ƙasa idan ba a amfani da shi, ɗaure wayoyi a jikin ƙarfe tare da barin sassauci domin kwana, da goge gilasan fitilu da madubai. Kafin kowace tafiya, da kuma duk lokacin da aka sauya bodi, direba da yaron mota kan zagaya su duba danja, birki, sigina biyu da fitilar lamba, ɗaya yana kunnawa ɗaya yana kallo daga baya.

Duba kuma

Tirela
Batirin mota
Birki
Hukumar FRSC